Tsarin Liverpool: Takardar Kula da Masu Gargara da Abin da Ya Kayar da Ita

A ranar 15 ga Yuli, 2013, wani kwamiti mai zaman kansa da gwamnatin Birtaniya ta kafa ya fitar da rahotonsa a kan Tsarin Liverpool, takardar da asibitocin Ingila suka shafe shekaru suna bi wajen jinyar majinyacin da ya shiga kwanakinsa na ƙarshe. Kwamitin ya ce a janye ta cikin wata shida zuwa shekara ɗaya, gwamnati kuma ta amince ba tare da ja-in-ja ba. Abin da ya ja hankalina ga lamarin shi ne, ƙwararrun da suka san ciwon aikin ne suka rubuta takardar, kuma in ka bi ta layi-layi da wuya ka tsinci abin da za ka kira kuskure. Duk da haka iyalai suka riƙa fitowa suna kukan cewa an bar iyayensu sun cika da ƙishirwa, wasu ma ba a taɓa gaya musu cewa nasu na kan hanyar tafiya ba.

Asalin tsarin

Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ta zamani ta kafu ne a hannun Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan domin waɗanda magani ya daina yi wa cutarsu aiki. Koyarwarta ita ce, ciwon mai mutuwa ya wuce na jiki. Akwai tsoro, akwai damuwar iyali, akwai nauyin da ke kan ruhi, kuma duk sai an kula da su tare. Irin waɗannan gidaje, da ake kira hosfis, suka yi suna wajen iya raka mutum zuwa ƙarshensa cikin mutunci.

Matsalar ita ce, kaɗan ne ke mutuwa a hosfis. Kusan rabin mutanen Ingila a gadon asibiti suke cikawa, a ɗakunan da aka tsara domin ceton rai. A can za ka tarar da tsohon da sauransa sa'o'i ana ta huda masa jijiya ana ɗiban jini, ana tilasta masa haɗiyar ƙwayar rage kitsen jini, maganin ciwo kuwa sai an jira likitan dare ya zo ya rubuta.

Wannan ne ya sa a ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatan Asibitin Jami'a na Royal Liverpool da na hosfis ɗin Marie Curie da ke birnin, ƙarƙashin jagorancin likita John Ellershaw, suka tattara abin da ake yi a hosfis suka mayar da shi takarda, domin kowane ɗakin majinyata ya iya bi. Kashi uku ce: tantancewar farko, bibiya, da abin da za a yi bayan rasuwa. A tsofaffin bugunta, ana ɗora majinyaci a kai idan masu kula da shi sun yarda cewa mutuwa yake yi, kuma an ga biyu daga cikin alamu huɗu: ba ya iya tashi daga gado, hankalinsa ya fara gushewa, ruwa sai kurɓi, ƙwaya ta daina haɗiyuwa. Daga nan a dakatar da magunguna da gwaje-gwajen da ba su da sauran amfani, a rubuta wasu tun kafin a buƙace su, na ciwo, da fizge-fizge, da kakari, da tashin zuciya, da sarƙewar numfashi. Duk bayan awa huɗu nas ta duba shi ta sa alama: an cimma buri, ko an samu saɓani.

A 2004 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin lafiya a Ingila, ta ambace shi cikin kyawawan hanyoyin aiki. A 2008 manufar gwamnati kan kulawar ƙarshen rayuwa ta ƙarfafa a yaɗa shi. Daga baya har aka haɗa shi da kuɗi: a wasu yankuna, asibiti na samun ƙarin kaso idan ya kai wani adadi na mamatan da suka rasu a kan tsarin.

Yadda abin yake a bakin gado

A ɗauka ƙarfe uku na dare ne a ɗakin tsofaffi. Nas biyu ne a bakin aiki, gadaje a cike. A gadon lungu akwai wata tsohuwa mai ciwon huhu da ciwon mantuwa, wadda wani ƙaramin likita ya ɗora a kan tsarin da yamma. 'Yarta na zaune a gefe. Leɓen tsohuwar ya bushe ya tsage, harshenta ya yi fari, tana motsa baki kamar mai neman abu.

Nas ɗin da ta ƙware ta san abin yi. Za ta ɗaga kan gadon, ta ɗan ɗiga ruwa a cokali ta ga ko haɗiya na nan. In tana nan, ta ba ta kurɓi-kurɓi, ta nuna wa 'yar yadda za ta ci gaba. In ta ƙware ko ta fara tari, sai ta jiƙa ɗan soso ta goge cikin kumatu da dasashi da harshe, ta shafa mai a leɓe, ta juya ta zuwa ɗaya gefen, sannan ta ja kujera ta zauna ta yi wa 'yar bayani: jikin da ke rufewa ba ya neman ruwa kamar na mai lafiya, bushewar baki ce ta fi damunta, kuma ga yadda za mu magance ta. Duka aikin bai fi minti goma sha biyar ba.

Wadda ba a horar ba kuwa, ko wadda ƙararrawa uku ke kira lokaci guda, abin da ta ji kawai shi ne "tana kan tsarin". A fahimtarta wannan na nufin an cire ƙarin ruwa, ba ci ba sha. Sai ta leƙo, ta ga tsohuwa ba ta nishi, ta sa alama a akwati, ta wuce. In ta tarar da 'yar da kofi a hannu ma tana iya hana ta.

A kan takarda, waɗannan dare biyu iri ɗaya ne. Alama ɗaya, akwati ɗaya, sa hannu ɗaya. A ganina nan ne cutar tsarin take, domin abin da ake ƙirgawa a binciken bin diddigi na ƙasa shi ne ko an cika takarda, kuma takardun sun nuna ana cikawa.

Kada a yi saurin ɗora wa nas laifi. Wani bincike da Jane Ball da abokan aikinta suka wallafa, wanda ya tambayi nas 2,917 a ɗakuna 401 na asibitoci 46 a Ingila, ya gano cewa kashi 86 cikin 100 sun bar aƙalla aiki ɗaya na jinya ba su yi ba a dutinsu na ƙarshe saboda ƙarancin lokaci. Aikin da aka fi bari shi ne zama a yi magana da majinyaci a kwantar masa da hankali: kashi 66 cikin 100 suka ambace shi. Mai gargara kuwa kusan duk abin da ya rage a yi masa ke nan. Hosfis na da ma'aikata da yawa a kan majinyata kaɗan, da horo na shekaru, da babban likitan da ya saba ganin mutuwa. An kwafo takardar an kai asibiti, waɗannan kuwa suna can inda aka baro su.

Wa ya san mutum zai mutu?

Tsarin gaba ɗaya ya tsaya ne a kan hukunci guda, cewa wannan mutumin sauransa sa'o'i ko 'yan kwanaki. A mai ciwon daji da ya ci jiki, alamu kan zo a jere, gogaggen ma'aikaci kan gane. A tsoho mai ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko cutar huhu, abin ba haka yake ba. Yau ya yi kamar ya tafi, jibi ya tashi yana neman a kira masa jikansa. Kuma alamun nan huɗu duk ana iya ganinsu a jikin wanda ruwa ya ƙare masa, ko ƙwayar cuta ta shiga jininsa, ko maganin barci ya yi masa yawa, abubuwan da duk ana iya gyarawa.

An daɗe da sanin raunin hasashe. A 2000 Nicholas Christakis da Elizabeth Lamont sun bi hasashen likitoci 343 a kan majinyata 468 a Amurka, suka tarar kashi 20 cikin 100 ne kawai ya zo daidai. Mafi yawan kuskuren na tsawaita kwana ne, amma ya isa ya nuna cewa ba a kafa doka mai tsauri a kan irin wannan sani.

A watan Satumba na 2009 wasu likitoci da masana, ciki har da Farfesa Peter Millard, suka rubuta wa jaridar Daily Telegraph wasiƙa suna gargaɗin cewa in aka yi kuskuren ganewa, aka cire ruwa aka sa maganin barci, hasashen zai tabbatar da kansa, domin ba wanda zai ga alamar farfaɗowa. Masu tsarin sun ji. Bugu na 12, wanda ya fito a ƙarshen shekarar, ya wajabta a sake zama a kan majinyaci aƙalla duk kwana uku, ya kuma fito da batun ci da sha fili. Sai dai gyaran takarda bai kai ga abin da ya riga ya zauna a kan ma'aikata ba. A 2012 jaridu suka taso gadan-gadan, suna buga labaran iyalai kusan kullum, suka kuma bankaɗo cewa asibitoci sun karɓi miliyoyin fam da ke da alaƙa da tsarin. Niyyar biyan kuɗin ita ce a inganta kulawa, amma ka tsaya a matsayin ɗan da ya ji cewa an biya asibiti saboda an sa mahaifinsa a layin masu mutuwa. Babu bayanin da zai wanke wannan a zuciyarsa.

Abin da kwamitin ya gano

Ministan kula da jin daɗin jama'a na lokacin, Norman Lamb, ya sa a yi bincike, aka naɗa Baroness Julia Neuberger ta shugabanci kwamitin. Sun saurari iyalai da ma'aikata, sun karɓi bayanai a rubuce, suka fito da shawarwari 44.

Ba su ce tsarin mugu ne ba. Sun yarda cewa inda aka bi shi yadda ya kamata, mutane sun cika cikin natsuwa da mutunci. Amma sun ji labarai masu tayar da hankali. An hana majinyata ruwa alhali suna iya sha, har da rahotannin nas da suka daka wa 'yan uwa tsawa don sun ba nasu abin sha. An maƙala wa wasu na'urar da ke tura magani a hankali ta ƙarƙashin fata ba tare da bayani ba, iyali suka fita na ɗan lokaci suka dawo suka tarar da wanda suka bari yana magana ba ya ko buɗe ido, ba a yi sallama ba. An yanke hukunci da tsakar dare ko a ƙarshen mako, lokacin da babu babban likita. Wasu iyalan sun yi zargin an rubuta a fayil cewa an tattauna da su alhali ba a yi ba.

Batun mofin, maganin ciwo mai ƙarfi da aka riƙa tsoron yana gajarta kwana, na buƙatar a yi masa adalci a nan, don tsoron da rikicin ya haifar ya cutar da wasu majinyatan daga baya. Binciken da Andrew Thorns da Nigel Sykes suka yi a St Christopher's ya nuna cewa ƙara maganin ciwo daidai da buƙata a makon ƙarshe bai gajarta kwana ba. Laifin yana wajen ba da shi ga wanda bai nuna alamar ciwo ba, don kawai an rubuta shi a takarda.

Shawarwarin kwamitin sun tafi kai tsaye ga aikin yau da kullum. Kowane mai gargara ya kasance da babban likita sananne da ke da alhakinsa, da nas sananniya a kowane duti. Kada a yanke hukuncin janye magani da dare sai in ba makawa. A daina biyan kuɗi bisa yawan waɗanda aka sa a tsari. Ƙin ci ko sha hukuncin majinyaci ne, ba na ma'aikaci ba, kuma ƙin taimaka wa mai so kuma mai iya sha a ɗauke shi a matsayin saɓa ƙa'idar aiki. Sun kuma nuna wani giɓi da ya daɗe yana ba ni mamaki: majalisar likitoci ta fitar da cikakken jagora a kan ƙarshen rayuwa tun 2010, amma majalisar nas da ungozoma ba ta da makamancinsa, alhali nas ce ke tsaye a kan gadon dare da rana. Sai a kundin ƙa'idojinta na 2015 aka rubuta ci da sha cikin ginshiƙan jinya, aka kuma ambaci bukatun masu kwanakin ƙarshe a fili.

Binciken da ya zo a makare

Ga inda ya fi ci mini rai. A 2010 Raymond Chan da Joan Webster, masu bita na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantance shi, suka nemi gwaji mai inganci da ya auna irin waɗannan tsare-tsare. Ba su sami ko ɗaya da ya cika sharaɗi ba. A lokacin tsarin ya riga ya game Ingila, ya tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Masu bincike daga Jami'ar Nottingham da aka sa su tattara hujjoji domin kwamitin Neuberger su ma ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida a kan amfaninsa ko illarsa ba.

Gwajin farko na ƙuri'a, wato wanda ƙuri'a ke raba masu bin tsarin da marasa bi, a Italiya aka yi shi, ƙarƙashin Massimo Costantini, kuma mujallar Lancet ta fitar da sakamakon watanni kaɗan bayan an riga an yanke wa tsarin hukunci a Ingila. Ihu bayan hari. Ɗakunan majinyata 16 aka raba gida biyu, rabi suka bi tsarin tare da horo da tallafin ƙwararru, rabi suka ci gaba da yadda suka saba. Aka bi masu ciwon daji 308 da suka rasu, aka yi hira da iyalan 232. Makin ingancin kulawa ya kai 70.5 cikin 100 a inda aka bi tsarin, 63.0 a ɗaya ɓangaren, bambancin da a lissafi bai kai a ce ba dace ba ne. An ga ci gaba a abu biyu, girmama majinyaci da sauƙaƙa numfashi. Gwajin ƙarami ne, bai sami yawan ɗakunan da aka tsara ba, don haka bai wanke tsarin ba, bai kuma kama shi da laifi ba. Abin lura shi ne, ko da horon da asibitocin Ingila da yawa ba su samu ba, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Ana yawan cewa bincike a kan masu gargara yana da wuya, kuma gaskiya ne. Mutum ba ya cikin hayyacin da zai ba da izini, lokaci gajere ne, iyali na cikin tashin hankali. Amma wuya ba ta hana ba. A 2013 Eduardo Bruera da abokansa a Amurka suka raba masu ciwon daji 129 da ke ƙarƙashin kulawar hosfis, wasu ana ba su lita ɗaya ta ruwa kullum ta ƙarƙashin fata, wasu mililita 100 kawai. Ba a ga bambanci a alamun ciwo ko tsawon kwana ba. Wannan ya nuna ƙarin ruwa ba dole ba ne ga kowa. Bai ce a ɗauke kofi daga bakin mai jin ƙishi ba, kuma cakuɗa waɗannan abubuwa biyu ne ya jawo mafi yawan kukan da kwamitin ya saurara. Maganin da za a ba dubban mutane ba a sakinsa sai an gwada. Na kasa ganin dalilin da zai sa takardar da ke sauya yadda dubban mutane ke mutuwa ta tsallake wannan mataki.

Bayan an janye

Akwai ma'aikatan jinya da dama da suka ga an bar jaki ana dukan taiki. A wurinsu ƙarancin ma'aikata da rashin horo ne suka yi ɓarnar, kuma janye takardar ya bar ƙananan nas da likitoci ba su da abin riƙewa. Wasu sun koma jin tsoron furta cewa mutum na mutuwa, ko ba da maganin ciwo. Ina ganin suna da gaskiya rabi. Takardar ma tana da nata kason, domin ta mayar da hukuncin da ya kamata a riƙa sabuntawa kullum ya zama kamar ƙofar da ake shiga sau ɗaya, ta kuma ba shugabanni lambobin da suka sa suka ɗauka komai lafiya.

A watan Yuni na 2014 gamayyar ƙungiyoyi 21 ta fitar da abubuwa biyar da za a fifita a madadin tsarin: a gane yiwuwar mutuwa a kuma riƙa sake dubawa, a yi magana da majinyaci da nasa cikin tausasawa, a sa su cikin shawara, a kula da bukatun iyali, a tsara wa kowa shirinsa na kansa. A Disamba 2015 NICE ta fitar da jagora a kan kwanakin ƙarshe na manya. Ta ce a duba mutum aƙalla duk awa 24 a ga ko yana ƙara nisa, ko ya tsaya, ko yana farfaɗowa. A taimaka masa ya sha in yana so kuma yana iyawa, a riƙa kula da bakinsa, a koya wa iyali su taya. In ana zaton ƙishirwa ko ruɗewa na damunsa, a gwada ƙarin ruwa a riƙa dubawa, in ya amfana a ci gaba, in ya cutar a tsayar. Magungunan da ake rubutawa tun da wuri kuma a zaɓa su bisa halin mutumin.

Wannan ya fi dacewa da gaskiyar jinya, amma ya fi tsada, don yana neman nas mai lokaci da kaifin ido. Asibitoci da yawa sun buga nasu fom ɗin na "shirin mutum ɗaya", kuma fom ko wane iri ne ana iya cika shi daga bakin ƙofa.

Jagorar 2015 ta faɗi rauninta da bakinta. Ta lissafa wurare huɗu da hujja ta yi ƙaranci ta nemi a bincika: gane mai mutuwa, magance fizge-fizge da ruɗewa, kakari, da rubuta magani tun kafin buƙata. An ɗan matsa a kan kakari. A 2021 mujallar JAMA ta wallafa wani gwaji daga Holan inda aka ba wasu masu gargara allurar sikofolamin, maganin da ke rage yawu da majina, tun kafin kakarin ya fara, wasu kuma aka ba su ruwan da babu magani a ciki. Kashi 13 cikin 100 na rukunin farko suka yi kakari, kashi 27 a na biyu. A gidajen hosfis shida aka yi gwajin, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga masu ciwon daji ne, don haka kafin a ɗauki sakamakon a kai wa tsoho mai ciwon zuciya a babban ɗakin asibiti, sai an gwada shi a can.